Bidiyon biki: a ɗauko mai sana'a, ko a bar wa yaron gida mai babbar waya?



Lokacin bukukuwa ya sake zagayowa. Duk wanda ke zaune a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 ya san yadda katin gayyata ke yawa idan azumi ya ƙarato, ko bayan Babbar Sallah. Asabar ɗaya sai ka samu ɗaurin aure uku, ka rasa wanda za ka fara halarta. A irin wannan lokaci ne ake zaman lissafi a gidaje, a jera abin da za a kashe: sadaki, lefe, kayan ɗaki, hayar rumfa da kujeru, buhun shinkafa, kuɗin motar dangin da za su taso daga gida. Idan aka iso kan mai ɗaukar bidiyo, sai wani ya yi caraf ya ce, "Wannan a cire shi. Ai wane yana da babbar waya, shi zai ɗauka." Kowa ya gyaɗa kai, a wuce magana ta gaba.

Na taɓa zama mai cewa a cire ɗin, kuma jiki magayi. Shi ya sa na ga ya dace in faɗi ra'ayina tun kafin wani ya taka inda na taka. Ra'ayin kuwa shi ne: ɗaurin aure da duk abin da za a yi a bainar jama'a, a ɗauko wanda ɗaukar bidiyo ce sana'arsa, a biya shi, a kuma gindaya masa sharuɗɗa a rubuce. Abin da ya shafi cikin gida tsakanin mata kuwa, wannan magana ce daban, zan zo kanta.

Shekara shida ke nan da muka aurar da autarmu a nan Agege. Mahaifinmu ya riga mu gidan gaskiya tun tana ƙarama, don haka Baffa, ƙanin mahaifinmu, shi ne waliyyi. Ya hau motar dare daga garinmu a jihar Katsina, dattijo mai fama da ciwon baya, ya kwana a zaune ya wuni a hanya don kawai ya ba da auren 'yar ɗan'uwansa da bakinsa. Goggo, wadda ta riƙe yarinyar har ta kai shekara goma, ba ta samu zuwa ba saboda ciwon ƙafa. Saƙo ɗaya ta ba Baffa ya kawo mana: "Ku ɗauko mini in gani."

Ni ne na ce ba sai an kira mai bidiyo ba. Ɗan yayata ya sayi sabuwar waya a lokacin, hotonta tar kamar ka taɓa mutum, kuma yaron da kansa ya ce zai yi. Ranar ɗaurin aure ya tsaya a wuri mai kyau, ya ɗaga waya. Liman ya fara magana ke nan sai kira ya shigo, abokan ango sun ɓata hanya a wajen Oshodi, kuma lambarsa aka ba su. Ɗauka ta katse. Yana gama kwatance, wani kawunsa ya yafito shi ya je ya ɗauko ƙwaryar goro daga bayan mota. Wane yaro ne zai ce wa kawunsa yana aiki? Kafin ya dawo ya kutsa cikin jama'a, sanƙira ya riga ya ɗaga murya ana shafa fatiha.

Abin da muka samu daga ɗaurin auren shi ne ƙeyar mutane da huluna na kamar minti biyu, sai wani ɗan guntu da ake ganin leɓen Baffa na motsi, ba a jin komai sai ƙarar janaretan maƙwabta. Da yamma wayar ta cika, domin ya ɗauki isowar abokansa da motocin manyan baƙi. Lokacin kai amarya caji ya ƙare. Bayan mako uku aka zare wayar daga aljihunsa a cikin motar haya, ba a kwafe komai ba, sai 'yan guntayen da ya tura a WhatsApp. Su muka aika wa Goggo. Ta kalla, ta sake kalla, ta ce, "To ina yarinyar?"

Shekara ba ta zagayo ba Allah ya karɓi ran Baffa. Har yau idan na je gidan ƙanwata, wani lokaci takan ce, "Yaya, ashe dai ko muryar Baffa ba mu da ita." Ba ta faɗa don ta zarge ni ba, amma ni na san wanda ya ce a cire.

Ban taɓa ganin laifin yaron ba. Laifin na wanda ya ɗora masa ne. Wannan shi ne dalilina na farko: ɗan biki ɗan biki ne. Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya zo a matsayin ɗan'uwa yana da gaishe-gaishe a kansa, yana da aike, yana da abokan da zai tara, yana son ya ci abinci ya yi raha kamar kowa. Ba zai iya cewa wani Alhaji ya ɗan matsa ya tare masa liman ba. Ba zai iya ƙin amsa kiran mahaifiyarsa ba. Idan kuma ya dage ya tsaya kan aikin, to ka hana shi bikin 'yar'uwarsa, ya kalli komai ta cikin gilashin waya, kuma shi kansa ba zai fito a hoton ba. Mai sana'a kuwa ba shi da kawu a wurin. Abu ɗaya ya kawo shi, kuma ya san idan ya ɓata ba za a sake kiransa a unguwar ba.

Akwai kuma maganar zumunci. Wanda ka biya, idan ya yi ba daidai ba za ka iya tsayawa ka ce ya gyara ko ka riƙe ragowar kuɗinsa. Wanda ya yi maka alheri kyauta fa? Idan ka yi magana a ce ba ka da godiya, idan ka yi shiru abin ya zauna maka a rai. Na san gidajen da aka yi watanni ana gaisuwa sama-sama saboda hoton biki. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Dalili na biyu: mutane suna ɗauka kyawun waya shi ne kyawun aiki. Gaskiya ne wayoyin yanzu suna ɗaukar hoto mai kyau, wasu ma sun fi kyamarorin da aka yi amfani da su a bikin iyayenmu nesa ba kusa ba. Amma a ɗaurin aure, murya ta fi hoto muhimmanci. Abin da ke mayar da taron ya zama aure kalmomi ne: wakilin ango ya nema, waliyyi ya bayar, a ambaci sadaki, shaidu su ji, liman ya yi addu'a. Dattawan da ke wannan magana ba sa ɗaga murya, kuma sukan zauna ne a tsakiyar cunkoso. Makirfon waya yana kwasar duk abin da ya fi kusa da shi ne: tarin wanda ke gefenka, hon ɗin 'yan acaba, ihun mai talla, janareta. Wanda ya san aikinsa yana zuwa da ɗan ƙaramin makirfo ya ajiye kusa da liman, ko ya jona na'urarsa da lasifikar masallaci. Wannan ɗan abin shi ne bambanci tsakanin jin muryar Baffa da kallon leɓensa.

Haka batun haske. Kai amarya da dare ake yi, kuma mun san halin wutar lantarkinmu. Haka batun wurin ajiya: bidiyo mai kyau na awa ɗaya yakan ci gigabait 4 zuwa 8, idan kuma aka sa waya a kan mafi girman inganci ya ninka haka. Wayar da ke cike da hotuna da waƙoƙi da saƙonnin shekara biyu ba za ta kai yamma ba. Ɗaukar bidiyo na cinye caji da sauri, kuma a zafin rana waya kan yi zafi har ta tsaya da kanta. Mai sana'a yana tafe da batir na biyu da na uku, da memori na ajiya, da fitila, da sandar ɗora kyamara don kada hoto ya yi ta rawa. Ba wani sihiri ba ne, shiri ne kawai na wanda ya sha yin abu har ya san inda ake tuntuɓe.

Dalili na uku shi ne wanda ya fi shafar mu mazauna kudu. Wanda ke aurar da 'yarsa a Kano ko Zariya, danginsa na kusa, wanda bai zo da safe ba zai zo da yamma. Mu kuwa tsakaninmu da gida tafiyar kusan kilomita 1,000 ce daga Legas zuwa Kano, ga tsadar kuɗin mota, ga fargabar hanya. 'Yan'uwanmu na Sabo a Ibadan, da na Shagamu, da na Ama Hausa a Owerri, da na Fatakwal duk sun san wannan. A cikin dangi hamsin, da ƙyar goma za su iso. Tsofaffi, waɗanda su ne suka fi kowa ɗokin ganin ranar, su ne ba sa iya tafiyar. Bidiyon nan shi ne rabonsu na biki. Gani ya kori ji.

Waɗanda suka manyanta za su tuna shekarun 1990, lokacin da mai bidiyo ke zuwa da ƙatuwar kyamara a kafaɗa, yaronsa na biye da shi da fitila da doguwar waya. Bayan biki a ba da kaset ga wani mai tafiya gida ko direban babbar mota. Ranar da kaset ya isa, a fito da talabijin tsakar gida, maƙwabta su taru, a yi ta nuna wane da wance ana dariya ana sa albarka. A lokacin ba wanda ke cewa ɓarnar kuɗi ce. Yau da abin ya fi sauƙi, sai muka koma aika musu da guntayen daƙiƙa talatin, hoto a karkace, rabi ƙafafun mutane.

Sannan mu tuna da 'ya'yanmu da aka haifa a nan. Da yawansu sun fi sakin baki da Yarabanci ko Turancin kasuwa a kan Hausa. Wasu sau ɗaya ko biyu suka taɓa zuwa garin kakanninsu. Nan da shekara ashirin, bidiyon bikin iyayensu shi ne inda za su ga fuskar kakan da ba su riska ba, su ji yadda yake furta magana, su ga yadda ake kamu da sayen baki da buɗar kai. Shinkafar biki a ranar take ƙarewa, rumfa da yamma ake naɗe ta, anko ma shekara biyu ya koɗe. Abin da ke saura shi ne auren kansa, sai abin da aka ɗauka.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne.

Na farko kuɗi. Rayuwa ta yi tsada, uba yana fama da kayan ɗaki, ango yana fama da kuɗin hayar gida a Legas, sai kuma a ce a ƙara wani nauyi? Amsata ita ce ba na kiran kowa ya ci bashi don bidiyo, kuma ba na nufin irin hidimar nan ta kyamara uku da ɗan jirgi mai shawagi a sama da hotunan kafin biki. Wannan ado ne, mai hali ya yi idan ya ga dama. Abin da nake nufi mutum ɗaya ne da kyamara ɗaya da makirfo, na awa biyu ko uku, ya ɗauki ɗaurin aure da gaisuwar iyaye da walima. A tambayi farashin wannan kaɗai, sannan a ɗora shi kusa da kuɗin da ake kashewa a kan kalanda da jakunkunan rabo masu hoton ango da amarya, waɗanda bayan wata guda ake zuba kayan miya a ciki. Sau da yawa ba rashin kuɗi ba ne, jerin muhimmanci ne ya birkice. Araha ba ta ado, ni kam na gani a kaina.

Ja na biyu ya fi nauyi, kuma a nan na yarda da masu ja fiye da rabi. Suna cewa mai bidiyo baƙo ne, galibi namiji, to yaya za a sake shi cikin mata ranar lalle ko kamu, inda iyaye da ƙawaye suka ajiye mayafi suna rawa da wasa tsakaninsu? Wannan gaskiya ne. Matar aure da ta saki jiki a cikin 'yan'uwanta mata ba ta ba kowa izinin ya ɗauke ta ya kai wa duniya ba. Aure ya sha girgiza saboda miji ya ga matarsa a bidiyon da bai san an ɗauka ba. Don haka a cikin gida, ko dai a nemo mace mai wannan sana'a, kuma yanzu ana samun su, ko a zaɓi 'yar'uwa guda mai hankali da riƙon amana a ba ta aikin, ko kuma a haƙura da ɗauka gaba ɗaya. A nan amana ta fi kyawun hoto. Kuma kafin a yanke komai a tambayi amarya. Fuskarta ce, ranarta ce, amma sau da yawa ita ce ta ƙarshe da ake shawarta.

Akwai kuma gidajen da ba sa son hoto sam saboda fahimtarsu ta addini. Malamai sun yi maganganu mabambanta a kan wannan, kuma ba ni ne zan raba gardamar ba. Wanda ya ce ba ya so a gidansa, a girmama shi. Dattijon da ya kau da kai daga kyamara, kada a bi shi da ita.

Ja na uku: su ma masu sana'ar ai ba duka ne na kirki ba. Wannan ma haka yake. Wani abokin kasuwancina ya biya kuɗi cif tun kafin bikin 'yarsa. Sai da ya yi wata biyar yana sintiri kafin a ba shi aikin. Da ya kunna, ya tarar an ɗora kiɗa a kan addu'ar liman tun daga farko har ƙarshe. Abin da ya fi ƙona masa rai, kafin shi ya ga bidiyon, an riga an yanko inda amarya ke kuka a jikin mahaifiyarta an sa a Instagram ana tallar aiki da shi, baƙi suna ta sharhi a kan kwalliyarta. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, amma wa zai bar shagonsa ya tafi kotu bayan abu ya riga ya zaga wayoyin mutane? Rigakafi ya fi magani.

Wani abin lura kuma, da yawa daga ƙwararrun masu ɗaukar bidiyo a nan kudu ba Hausawa ba ne. Sun iya aikinsu ƙwarai, amma sun saba da bikin da amarya da ango ke zaune a gaba kowa na kallonsu, ana ɗaukar awanni. Namu ɗaurin auren ba amarya a wurin, shi kansa angon ba ya magana, kuma cikin minti goma an gama. Wanda bai sani ba zai tsaya yana ɗaukar motoci da manyan riguna yana jiran a fara, alhali an shafa fatiha. Ba muguntar kowa ba ce, ba a gaya masa ba ne. Saboda haka ɗauko mai sana'a kaɗai bai wadatar ba, sai an zauna da shi.

Ga abin da nake ganin ya kamata a yi kafin a ba kowa ko sisi:

Na ɗaya, a ce ya nuna cikakken aikin biki guda da ya taɓa yi, daga farko zuwa ƙarshe, ba guntun minti ɗaya da aka ƙawata ba. A saurari murya da kyau. A tambayi wani da ya taɓa yi wa aiki ko ya cika alkawari.

Na biyu, a rubuta komai a takarda, ko da rabin shafi ne: ranaku, wurare, awa nawa, nawa ne kuɗin, da ranar da zai kawo aikin. A ba da kafin alƙalami, a riƙe ragowar sai aiki ya zo hannu an kalla. Kowa ya sa hannu, da shaida guda.

Na uku, a rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba zai sa ko daƙiƙa ɗaya a Facebook ko TikTok ko Instagram ba, kuma ba zai nuna wa wani mai neman aiki ba, sai da yardar ango da amarya. Idan ya ƙi wannan sharaɗi, a nemi wani.

Na huɗu, makirfo kusa da liman da waliyyai, kuma kada a ɗora kiɗa a kan ɗaurin aure, addu'a ko nasihar iyaye.

Na biyar, a haɗa shi da mutum guda daga dangi wanda zai tsaya kusa da shi, ya nuna masa wane ne waliyyi, wane ne wakili, su wane ne dattawan da suka taso daga gida, ya kuma gaya masa inda ba a shiga. Ga aikin da ya dace da yaron gida, ba riƙe kyamara ba.

Na shida, ya san cewa shi ne zai bi biki, ba biki ne zai bi shi ba. Ba zai tsaya a gaban sahu ya tare dattawa ba, ba zai ce wa liman ya maimaita ba, ba zai haska wa tsoho fitila a ido ba.

Na bakwai, ya kawo wanda ya tace da kuma ɗanyen abin da ya ɗauka duka, a filash biyu. Ɗaya ya zauna a gidan amarya, ɗaya a aika gida. A kuma ɗora kwafi a intanet a wurin ajiya mai makulli, Google Drive ma yana ba da gigabait 15 kyauta. Waɗanda suka ajiye kaset a cikin akwati a Legas sun ga yadda laima ta sa ya yi fumfuna, faifan CD kuma ƙarzuwa kaɗan ke kashe shi. Abin da ke wuri ɗaya tak, a ɗauka babu shi.

To idan da gaske babu halin ɗauko kowa fa? Ba abin kunya ba ne, daidai ruwa daidai tsaki. Amma a yi shi da shiri, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A zaɓi mutum ɗaya tun mako guda kafin biki, a sanar da kowa cewa an ɗauke masa duk wani aike a ranar. A kwashe kayan wayarsa a bar sarari mai yawa. A rufe layinsa lokacin ɗauka don kada kira ya katse shi. A tanadi abin caji na hannu. Ya riƙe wayar a kwance, ba a tsaye ba, don ta cika talabijin, ya kuma jingina hannunsa da wani abu. A ajiye waya ta biyu kusa da liman tana naɗar murya kawai. A daren ranar, ba gobe ba, a kwafe komai zuwa kwamfuta ko filash. Idan za a tura ta WhatsApp, a tura a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana matse bidiyo ta rage masa kyau. Daga ƙarshe a ba shi tukuici, ko da ya ce ba ya so. Da na yi rabin wannan shekara shida da suka wuce, da yau ba ni da labarin da na ba ku.

Saura magana ɗaya, kuma ta shafe mu duka a matsayinmu na mahalarta. Ko an ɗauko mai sana'a ko ba a ɗauko ba, yau a kowane biki akwai waya ɗari a sama. Kafin amarya ta isa ɗakinta, hotonta ya riga ya isa wayar mutanen da ba su san sunanta ba. Mu ji tsoron Allah a kan wannan. An gayyace ka ka taya murna ne, ba a ɗauke ka aikin watsa labarai ba. Kafin ka sa matar wani ko 'yar wani a sitatus, ka tambaya. Kada ka ce ai bayan awa 24 zai ɓace, domin wanda ya kwafe ya riga ya kwafe.

Masu liƙi kuma su sani, sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa takardun naira da tattaka su a wurin biki, kuma hukuncin ɗaurin da bai gaza wata shida ba ne, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. A 2024 wata babbar kotun tarayya a nan Legas ta ɗaure wani sananne a intanet wata shida a kan wannan laifi, kuma bidiyon da aka yaɗa ne ya jawo hankalin hukuma. Wanda ke son yi wa amarya alheri ya sa a ambulan ko ya miƙa a hannu. Kada wayar ɗan'uwanka ta zama shaida a kanka.

Ina kuma kira ga matasanmu, musamman 'yan mata. Ga sana'a a ƙofar gida. Kowane mako ana biki a unguwanninmu, kuma iyaye na neman wanda ya san al'adarmu, yake jin harshenmu, wanda za a iya sakin jiki da shi. Yarinyar da ta koyi riƙe kyamara da tace bidiyo, ta kuma riƙe amana, ba za ta rasa aiki a Agege ko Sabo ba. Masu hali a cikinmu su taimaka wa irin waɗannan da kayan aiki ko kuɗin koyo.

In Allah ya kai mu bayan Sallah zan aurar da babbar 'yata. Na riga na zauna da ita da mahaifiyarta, mun yanke cewa za a ɗauko mutum ɗaya don ɗaurin aure da walima, cikin gida kuma 'yar ƙanwar mahaifiyarta ce za ta ɗauka, ita kaɗai. Ɗan yayata, wanda yanzu shi ma magidanci ne, na ce masa wannan karon ya sa babbar rigarsa ya zauna a sahun gaba. Goggo tana nan da ranta, idonta ya yi rauni amma kunnenta garau. Na yi mata alkawarin za ta ji komai.

Allah ya sanya albarka a auren 'ya'yanmu, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari. Allah ya jiƙan Baffa da dukkan magabatanmu, ya kai matafiya gida lafiya. Amin.